Chari Maigumeri da Hausar Bariki: Sojan Nijeriya a Yaƙin Duniya na Biyu

Gabatarwa

Duk wanda ya duba rubuce-rubucen Turawan mulkin mallaka zai yi ta cin karo da batun sojan Hausa, har ya ɗauka cewa kowane baƙar fata da ya saɓa bindiga a ƙarƙashin tutar Ingila a Afirka ta Yamma Bahaushe ne gaba da baya. Ba haka al'amarin yake ba. Cikin waɗanda ake kira da wannan suna akwai Barebari, da Zabarmawa, da Dakarkari, da Tibi, da Bachama, da Angas, da mutanen ƙasar Chadi. Abin da ya haɗa su shi ne harshen da ake ba su umurni da shi, suke kuma hira da shi a bariki, watau Hausa. Wannan maƙala za ta bi sawun ɗaya daga cikinsu, Samanja Chari Maigumeri, domin nuna yadda Yaƙin Duniya na Biyu ya kai wannan harshe har dazuzzukan Burma, da kuma yadda yaƙin ya zama mafarin saukarsa daga matsayin harshen soja.

Asalin rundunar

A shekarar 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover ya tara wasu mutane masu jin Hausa a Ikko, galibinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya ba su makamai. Su ne aka riƙa yi wa laƙabi da Hausawan Glover. Daga wannan ɗan ƙaramin tushe, tare da dakarun kamfanin ciniki na Kwara da wasunsu, aka gina rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wadda ake kira West African Frontier Force, watau rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1928 aka ƙara mata kalmar girmamawa da ke jingina ta ga Sarkin Ingila. Tana da rassa a Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya, amma reshen Nijeriya ya fi kowanne yawan mutane.

Turawa suna da wani ra'ayi da suka zo da shi daga Indiya, cewa wasu al'ummu mayaƙa ne tun haihuwa, wasu kuwa ba su dace da riƙon bindiga ba. A kan wannan ra'ayi suka fifita mutanen Arewa wajen ɗaukar soja, musamman waɗanda ba su yi makarantar boko ba, don a ganinsu ɗan boko ya faye tambaya. Tun da yake mutanen da aka tara harsunansu sun bambanta, Hausa kuwa ta riga ta zama harshen fatauci daga Gwanja har Adamawa, sai ita ta zama harshen aiki. Hafsan Bature da aka turo dole ne ya koye ta, ya kuma ci jarrabawarta. A Gwalkwas ma, inda Hausawa baƙi ne mazauna zango, da Hausa ake tafiyar da bariki.

Daga Garwa zuwa Tanganyika

Chari Maigumeri mutumin ƙasar Barno ne, kuma ba a hannun Ingilishi ya fara aikin soja ba. Yana saurayi ya shiga rundunar Jamus a Kamaru, dab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko. Ya yi faɗa da sojan Nijeriya a arewacin Kamaru, har Jamusawa suka ba shi lambar jarumtakarsu mai siffar gicciyen baƙin ƙarfe. Garwa, inda Jamusawa suka yi ƙaƙƙarfan sansani a bakin kogin Binuwai, ta kori harin Ingilishi na farko a watan Agusta 1914, amma ta miƙa wuya ga rundunar haɗin gwiwar Ingila da Faransa ran 10 ga Yuni 1915. Maigumeri yana cikin waɗanda aka kama a nan.

A 1917 ya sa kakin mutanen da suka kama shi. Aka kai shi Afirka ta Gabas, inda birged ɗin Nijeriya yake fafatawa da Janar von Lettow-Vorbeck a ƙasar da ta zama Tanganyika. Watau cikin yaƙi guda mutum ɗaya ya yi wa Jamus faɗa da Ingila, sa'an nan ya yi wa Ingila faɗa da Jamus. Mai kallo daga nesa zai iya kiran wannan cin amana, amma hukuncin bai zauna ba. Iyakar da ta raba Barno tsakanin Ingila da Jamus da Faransa ba ta cika shekara ashirin da shatawa ba a lokacin, kuma ba a shawarci ko mutum ɗaya daga cikin mazauna wurin ba. Ga saurayi irin Maigumeri soja sana'a ce, kamar yadda kakanninsa suka yi barantaka a gidajen manya. Abin da ya riƙe shi ne amanar wanda ya ba shi bindiga da abinci, kuma bayan 1917 ya riƙe ta shekara talatin da shida.

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu ya yi ta hawa, daga saja har ya kai babban samanja na bataliya ta 3. Wannan shi ne ƙarshen tsanin baƙar fata a wancan zamani. Laftanan ɗan shekara ashirin da ya sauka daga jirgi jiya yana gaba da shi a muƙami, ko da yake kowa a bataliyar ya san wanda ke riƙe da ita a zahiri. Samanja ne ke juya umurnin hafsa ya zama magana mai shiga kunnen kurtu, shi ne kuma ke kai kukan kurtu gaban hafsa.

Yaƙin Hitila

Jamus ta afka wa ƙasar Polan ran 1 ga Satumba 1939, Ingila da Faransa suka ɗaura yaƙi da ita ran 3 ga watan. Talakawan ƙasar Hausa sun fi saninsa da yaƙin Hitila. A watannin farko labari ne kawai da ake karantawa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na wannan shekara, Abubakar Imam yana editanta. Abin ya matso kusa ne a watan Yuni 1940, da Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Jamus. Nijar da sauran ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma suka bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, suka zauna a haka har Nuwamba 1942. Chadi kuwa, a ƙarƙashin gwamnanta Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta 1940. Ta haka iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta zama iyakar ɓangarori biyu masu zaman doya da manja, alhali mutanen da ke kowane gefe 'yan uwan juna ne.

Kano da Maiduguri suka zama zangon jiragen sama. Ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan har Alƙahira. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adinar kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar talakawa da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, inda sanyin dutse da ƙarancin abinci suka kashe mutane da yawa. Waɗannan ba su sami lamba ba, ba kuma a kira su mazan jiya ba, amma yaƙin ne ya ci su.

Ɗaukar soja ma ba duka ne da son rai ba. A takarda kowa ɗan sa-kai ne. A ƙauye kuwa, idan Razdan ya gaya wa sarki adadin da ake bukata, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, to wanda ba shi da mai tsaya masa shi ke tafiya. Akwai dai waɗanda suka je da ƙafarsu, don albashi, ko don kaki, ko don gudun wani abin kunya a gida.

Habasha

A tsakiyar 1940 aka kwashi bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 ta Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Kenya, aka kira su birged na 23, a ƙarƙashin Janar Alan Cunningham. Su ne suka shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941. Daga nan suka bi sojan Italiya arewa a cikin motoci, suka ratsa hamadar Ogaden, suka fasa mashigin dutsen Marda, suka kama Harar kafin ƙarshen Maris. Tafiyar ta haura mil dubu cikin kimanin wata guda, kuma ana lissafa ta cikin mafi saurin da aka yi a dukan yaƙin. Adis Ababa ta faɗi ran 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ran 5 ga Mayu, shekara biyar cif bayan da sojan Musolini suka shiga birnin. A wannan yaƙi na Habasha ne Maigumeri ya sami lambar jarumtaka ta Ingila da ake ba ƙananan sojoji. Sai ga mutum ɗaya ya karɓi shaidar jarumtaka daga ƙasashe biyu masu gaba da juna.

Burma

Japan ta kai wa Amurka hari ran 7 ga Disamba 1941, ta kama Singafo ran 15 ga Fabrairu 1942, ta shiga Rangun a watan Maris, ta kori Ingilishi daga Burma, ƙasar da aka sauya wa suna zuwa Myanmar a 1989. Da barazanar Vichy ta kau daga iyakokin Nijeriya, Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabancin sojan Afirka ta Yamma, ya ba da shawarar a kai su Gabas. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82. Hujjar da aka bayar ita ce wai mutumin Afirka ya saba da kurmi. Wannan magana abin dariya ce ga duk wanda ya san Arewa. Mutumin Gumel ko Gaidam bai taɓa ganin daji mai hana hasken rana sauka ƙasa ba, sai a wurin horo a kudancin Nijeriya, teku kuwa sai ranar da aka sa shi a jirgi.

Runduna ta 81, a ƙarƙashin Janar Woolner, ta kewaya ta ƙarshen kudancin Afirka ta sauka Bombai a 1943. Aikin da aka ba ta shi ne ta gangara kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ta tsare gefen hagu na babbar rundunar da ke bin gaɓar teku. Babu hanya zuwa kwarin, saboda haka sai da sojojin suka sare ta da adda da diga da shebur, kimanin mil 75 cikin duwatsu, yadda ƙaramar motar soja za ta iya bi. Bayan nan abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima. Ita ce babbar runduna ta farko a sojan Ingila da ta dogara ga jirgin sama kaɗai wajen guzuri na tsawon watanni.

Abin da ya bambanta rundunonin nan biyu da sauran shi ne 'yan dako. Kowane birged yana da ƙungiyar sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, da turmin harba bam, da sassan igwa, da akwatin waya, da masu rauni a kan makara. Gammon da fatake suka yi amfani da shi a hanyar Gwanja shi ne ya yi aiki a tsaunukan Arakan, inda mota ba ta shiga, alfadari ma yakan gaza. Yawancinsu adda kaɗai ke hannunsu, ga shi kuwa harsashin Japan ba ya tambayar wane ne ɗan dako. Masu rubuta tarihin yaƙin sun daɗe suna wuce su da layi ɗaya ko biyu, alhali ba domin su ba da rundunar ba ta motsa daga inda aka sauke ta ba.

Shigar farko ba ta ƙare da daɗi ba. A watan Maris 1944 Japanawa suka zagayo ta gabas kusa da Kyauktaw, rundunar ta ja da baya. Wasu manyan hafsoshi suka yi saurin ɗora laifin a kan sojan Afirka, maimakon su dubi yadda aka tura su ba manyan bindigogi, aka kuma cire musu birged guda tun kafin a fara. Wannan birged, na 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya, an ba da shi ga Janar Orde Wingate, shugaban dakarun da ake kira Chindit, waɗanda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba. Wingate ya mutu a haɗarin jirgi ran 24 ga Maris 1944, amma 'yan Nijeriya sun tsare sansanonin da aka kafa a kan hanyar jirgin ƙasa ta arewacin Burma, suka sha hari dare da rana, suka fito cikin damina da zazzaɓi da atuni.

Runduna ta 82, wadda tsofaffin bataliyoyin Habasha suke cikinta, ta shiga fage a ƙarshen 1944. Ta bi kwarin Kalapanzin, ta haɗu da ta 81, suka kama tsohon birnin Myohaung a watan Janairu 1945. Daga nan, a ƙarƙashin Janar Hugh Stockwell, ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk da An, inda aka yi faɗa mai tsanani kafin saukar damina. Maigumeri, wanda a lokacin ya kusa shekara talatin a cikin kakin Ingila, ya yi wannan yaƙi na Burma, an kuma ba shi lambar daular Ingila saboda daɗewar hidima. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya je har can ya gai da sojojin. Japan ta ba da kai a watan Agusta 1945, amma da yawa daga cikinsu ba su ga gida ba sai 1946, saboda ƙarancin jiragen ruwa.

Abin da yaƙi ya yi wa harshe

Hausar da aka yi amfani da ita a waɗannan rundunoni ba irin ta fadar Kano ba ce. Masana sun ba ta suna Barikanci. Tun da yawancin masu magana da ita da girmansu suka koye ta, sai ta zubar da abubuwan da ke wahalar da baƙo: bambancin namiji da tamace a wakilin suna, da tsawon wasali, da karin sauti, da haruffa masu lanƙwasa. A bakin samanja wanda ba Bahaushe ba, mace ma ya zo, ƙasa da kasa kuwa duk ɗaya ne. Bahaushe yakan yi wa wannan dariya, amma da ita aka tafiyar da dubun-dubatar mutane a ƙarƙashin wuta.

Ta wannan ƙofa kalmomi masu yawa suka shigo daidaitacciyar Hausa, wasu tun kafin 1939, yaƙin kuma ya baza su ƙauyuka. Soja, bariki, fareti, bataliya, kurtu, farabiti, kofur, saja, samanja, hafsa, kyaftin, manjo, kanar, begila, banati, gadurum, sintiri, duk daga Ingilishi suke. Abin lura shi ne ta kunne suka shigo, ba ta takarda ba, shi ya sa suka bi ƙa'idar furucin Hausa sarai. Inda Ingilishi ya jera baƙaƙe biyu ko uku, Hausa ta cusa wasali a tsakani, kamar a farabiti da sintiri. Inda kalma ta yi tsawo aka datse ta: kurtu ta yar da gaɓarta ta farko, samanja kuwa kalmomi biyu ne aka narkar suka zama ɗaya. Wasu sun sauya ma'ana. A Ingilishi asalin sintiri mai gadi ne da ke tsaye a bakin ƙofa, a Hausa kuwa ta zama kai da kawowa, har akan ce wa mai yawan zirga-zirga yana sintiri. Bariki ta fi kowacce nisan tafiya. Daga mazaunin soja ta koma unguwar Turawa da ma'aikata, daga nan ta zama sunan wata irin rayuwa ta wanda ya bar gaban iyaye. Idan aka ce wa mutum ɗan bariki, ba a nufin ya taɓa riƙe bindiga, ana nufin idonsa ya buɗe fiye da kima. A cikin wannan kalma ɗaya ana iya ganin yadda jama'a suka ɗauki sojan Bature: ana tsoronsa, ana sha'awar kakinsa, ba a kuwa cika son ba shi 'ya ba.

Sai dai yaƙin da ya kai Hausa Burma shi ne ya rage mata matsayi. Rundunar zamani tana bukatar direbobi, da makanikai, da masu waya, da akawuna, da ma'aikatan asibiti, waɗannan kuwa sai wanda ya yi boko, saboda haka aka ɗebo su da yawa daga Kudu. Hafsoshin da aka turo da gaggawa, ciki har da 'yan Polan, ba su da lokacin koyon Hausa. Hukumar soja ta mai da Ingilishi harshen aiki, ta buɗe azuzuwan koyar da shi a sansani. Daga nan Hausa ta koma harshen hira da kasuwar bariki, inda ba ta gushe ba.

Dawowa

Sa'adu Zungur ya tarbi masu dawowa da waƙarsa ta Maraba da Soja. Gwamnati kuwa abin da ta tanadar musu bai kai abin da suka sa rai ba: ɗan kuɗin sallama, da lambobi, da alkawarin aiki wanda ya tsaya a gadi da masinja da ɗan doka ga mafi yawansu. Horon bulala ma, wanda aka daɗe da hanawa a kan sojan Ingila, bai fita daga dokar sojan Afirka ba sai 1946. A Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa sun buɗe wa tsofaffin sojojin Afirka wuta ran 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi bashin albashinsu. A Ankara, babban birnin Gwalkwas, ran 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suna kan hanyar kai kukansu gidan Gwamna, tarzomar da ta biyo baya kuwa ta gaggauta samun mulkin kan ƙasar. A Arewacin Nijeriya ba a ga irin wannan ba. Yawancin mazan jiya sun watsu cikin ƙauyukansu a ƙarƙashin hakiman da suka tura su, kuma bai kamata a ƙara gishiri wajen ba su babban matsayi a siyasar neman 'yanci ta Arewa ba.

Sunayen wuraren da suka yi faɗa sun dawo tare da su, suka zauna a kan barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Tamandu da An da Myohaung da Marda a Ikko. Barikin Dodan, wanda ya zama fadar shugabannin ƙasa daga 1966 har aka koma Abuja a 1991, shi ma sunan wani wuri ne a Arakan, ko da yake kunnen Bahaushe dodo yake ji a ciki, bai kuwa rasa dalili ba.

Maigumeri ya ajiye aiki a 1953, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa, watau ya zama hafsa a ranar da ba zai ƙara ba kowa umurni ba. Barikin Lakwaja, garin da Lugard ya taɓa yi wa hedkwata, yana ɗauke da sunansa. A wannan shekara ta 1953 ne wani saurayi daga lardin Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila da muƙamin laftanan, cikin 'yan Arewa na farko da suka samu haka, kuma da Ingilishi ya karɓi horonsa.